Ferrari a Bango, Sharon a Ƙofa: Nazarin Kalanda da Littattafan Mota a Ƙasar Ringim

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, kakar masu tallar kalanda ke nan. Za a gan su a tashar motar Ringim, a kasuwar Gujungu, a bakin titunan Dutse, da naɗin takardu a hammata, wasu kuma an shimfiɗa su a ƙasa an danne da duwatsu kada iskar hunturu ta kwashe. Akwai ta shehunnai, akwai ta sarakuna, akwai ta 'yan ƙwallon Turai da ta 'yan fim, akwai ta shugabannin Najeriya tun daga Tafawa Ɓalewa. A cikinsu ba a rasa ta motoci, kuma masu sayenta sanannu ne: bakanike, mai faci, mai sayar da baƙin mai, mai wankin mota, ɗan kamasho, da samarin da ko keke ba su mallaka ba amma suna bambance kukan DAF da na Marsandi tun motar ba ta shawo kwana ba.

Su ne suka fi kowa sanin mota a wannan yanki, kuma su ake kawo wa takarda mafi rauni a kanta. Ƙorafin ba ya ƙarewa: hoto ya fashe, suna bai dace da mota ba, kwanan wata ya zame, kala ta koɗe tun damina ba ta faɗi ba. Wajen littafi abin ya fi muni, domin kalanda ko ba kyau akwai ta, littafin mota da Hausa kuwa sai an sha wuya kafin a yi tozali da shi. Yaya aka yi al'ummar da ta yi wa direba waƙa, ta raɗa wa kowace mota suna, ta kasa samun takardar da ta dace da wannan sani?

Abin da ke rataye a bango

A ɗauki irin wadda aka fi gani. Falle ɗaya ce babba, an matse samanta da siririn gwangwani mai ɗan kunne na ratayawa. Kashi uku cikin huɗu hotuna ne: jar Ferrari a tsakiya, Lamborghini da ƙofofi a ɗage sama, Rolls-Royce, Bugatti. An yanko kowace daga inda aka samo ta an ɗora a kan ciyawa kore shar, ko gaban dogayen benayen Dubai, wani lokaci a kan ƙanƙara. Tayoyin ba sa taka ƙasa sosai, ba inuwa a ƙarƙashinsu. A kusurwar wani hoton ana hango sunan mai hoton na asali dishi-dishi, an yi ƙoƙarin gogewa bai gogu ba. Watanni goma sha biyu kuwa an cusa su can ƙasa cikin ƙananan akwatuna, sai mutum ya matso ya ƙanƙance ido kafin ya gano Lahadi.

Bakanike ba ya minti biyu a gabanta bai fara tsince kurakurai ba. An rubuta Lexus a ƙarƙashin Toyota. An juya hoto don ya fuskanci tsakiyar shafi, sai lambar motar ta koma baibai, sitiyari ya koma dama, alhali tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma bin hannun dama, sitiyarin motocinta a hagu yake. An ja hoton ta faɗi don ya cike gurbi, sai taya ta daina zama zagayayya. In an kawo bayanin gudu, adadin mil aka kwafo aka rubuta kilomita a gabansa, ko da yake mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Sai kwanan wata, wanda don shi aka yi kalanda tun farko. Mutumin Ringim da lissafi biyu yake rayuwa: na Bature don albashi da makaranta da sabunta takardun mota, na Musulunci don azumi da salla da sauran al'amuran addini. Na biyun ba ya tabbata sai an ga wata, fadar Sarkin Musulmi ta sanar, saboda haka saɓanin kwana ɗaya tsakanin takarda da sama kowa ya san da shi, ba mai ɗaukarsa laifi. Laifin shi ne a ɗauko jadawalin bara a sauya shekara kawai, alhali shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, ko a buga sunayen watannin da Larabci haruffa a warwatse saboda kwamfutar mai zanen ba ta san daga dama ake farawa ba. Rubutun Hausa ma bai tsira ba: ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ takan ɓace, ko a ga ɗan akwati a gurbin harafin.

Rana ce ke ƙarasa aikin. Tawadar ja da ta rawaya su ke fara gudu idan haske ya dake su, shuɗi ya fi juriya, shi ya sa kafin Afrilu ya fita jar Ferrarin ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Ga ƙura, ga yatsun baƙin mai. Duk da haka ba a cika sauke ta ba, sabuwa ake ratayawa a kanta.

Lissafin maɗaba'a

Manyan wuraren ɗab'in irin wannan kaya su ne Shomolu da Mushin a Legas, da Anaca, da Kano. Daga nan dillalai ke ɗauko su ɗauri-ɗauri su raba wa masu talla. Bugun kala yana buƙatar faranti huɗu, ɗaya ga kowace tawada, kuma kuɗin farantin ɗaya ne, ko kwafi 500 za a buga ko 50,000. Riba tana cikin yawa. Wanda ya zuba jarinsa yana son zanen da zai sayu a Aba ya sayu a Maigatari, don haka duk abin da ke da ƙamshin wani gari guda cire shi ake yi. Ferrari ba ta da gari a Najeriya, shi ya sa ta shiga ko'ina.

Takardar ma daga waje take zuwa. Masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe tun shekarun 1990, saboda haka farashin kowane rim dala yake bi. Da aka saki naira ta nemar wa kanta farashi a watan Yunin 2023, takarda da tawada da faranti suka yi tashin gwauron zabo tare. Mai saye a tasha ba zai ƙara kuɗi sosai a kan abin da ba ci ake yi ba, sai mai bugawa ya rage ta inda zai iya: takarda ta ƙara sirancewa, tawada ta ragu, aikin mutum huɗu ya koma hannun yaro ɗaya mai CorelDraw.

Wannan yaron shi ne mai hoto, shi ne edita, shi ne mai duba kuskure. Hoton da zai fita tas a takarda yana son ɗigo kusan 300 a kowane inci. Wanda aka sauko da shi daga intanet, musamman in ya bi ta WhatsApp an matse shi, bai kai ko kusa ba, da an buɗa shi ya cika shafi sai ya farfashe. Ba wanda aka biya ya je gareji da kyamara, ba wanda aka kira daga cikin makanikai ya duba suna. Ga gaggawa, domin kalanda kayan gwari ce: wadda ba ta sayu ba kafin Fabrairu ta zama ta ƙunshin ƙosai.

Akwai nau'i na biyu da ake shiryawa a gida, wato kalandar ƙungiya. Reshen NURTW, ƙungiyar direbobin da aka kafa a 1978, ko na makanikai, ko na 'yan acaɓa, yakan buga tasa. Hotunan nan na gaske ne, amma na mutane: gwamna, sarki, shugaban ƙungiya na jiha, ciyaman, sakatare, ma'aji, kowa da girman hotonsa daidai matsayinsa. Mota, in ta samu shiga, 'yar mitsitsiya ce a kusurwa. Tana da amfaninta, domin tana nuna wa baƙo su wane ne masu faɗa a ji a tasha, kuma nan gaba za ta zama shaidar tarihi. Sai dai wanda ya biya kuɗin bugawa fuskarsa yake son gani, balle a shekarar zaɓe, mai son mota don motar kuwa ya tashi a tutar babu.

Zamanin da mota ke da iyayen gida

Ringim ta san ƙarfe mai tafiya tun kafin kwalta. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala wajen 1930, ya ratsa ta garin ya mai da shi wurin cinikin gyaɗa, motoci masu bodin katako suka biyo baya. Bayan ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Ringim ta zama masarauta mai ƙananan hukumomi huɗu, Ringim da Taura da Garki da Babura, kuma hanyar Kano zuwa Gumel da Haɗeja ta cikinta ta bi. Gari ne na direbobi da masu yi musu hidima.

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 Najeriya ta mallaki masana'antun haɗa motoci shida: Peugeot a Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauci, da Fiat a Kano. Michelin na yin taya a Fatakwal, Dunlop a Ikeja. Kowannensu na da dalilin kashe kuɗi a kan takarda mai kyau, domin abin da ke jikin tallarsa shi yake son a saya. Mai sabuwar Fijo 504 yakan same ta da littafinta a aljihun gaba, kuma motar da ke hoton bango ita ce dai ke lodin Kano a tasha.

Faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta karya cinikin sabuwar mota. Masana'antun suka yi ta rufewa ko rage aiki, Michelin ya daina yin taya a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008. 'Yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyam, ta cike gurbi: motar da ta gama rayuwa guda a Turai ko Amurka. Ita ba ta da uba a nan. Littafinta, in ya iso tare da ita, da Jamusanci ko Faransanci yake. Dillalinta ba shi ya ƙera ta ba, ba kuma zai buga wa kowa kalanda saboda Sharon mai shekara 20 ba. Kayan gyaranta daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas suke zuwa tsirara, ba takarda. A nan motar bango da motar titi suka raba gari.

Littafin da ake nema

Mai neman littafin mota a Dutse ko Kano abu uku zai tarar. Na farko littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Doka da alamomin titi yake koyarwa, inji ba huruminsa ba ne. Na biyu littattafan makarantun fasaha, da Turanci, an rubuta su don cin jarrabawa. Na uku, wanda ya fi kaiwa gareji, hoton littafi ne: wani ya samo na Turai, aka kai shagon kwafi, aka yi kwafi daga kwafi, aka sa masa zoben roba.

Wannan na ukun ya isa a buɗe shi a duba. Hotunan da a asali suke nuna hannu riƙe da sifana a kan wani noti sun koma baƙin dunƙule. Zanen wayoyin lantarki, wanda duk amfaninsa yana ga launi, ina ja ta bi, ina kore ta shiga, ya koma baƙi da fari. Gefen shafin da aka jera ƙarfin da za a ɗaure notunan kan inji ya yanke, domin littafin bai kwanta sosai a kan gilashin na'ura ba. Sau da yawa ma na wata shekarar ne, ko wani injin daban. Maigida ya ajiye shi a akwatin ƙarfe tare da rasiɗai, yaransa kuwa, waɗanda da yawansu allo suka yi ko suka tsaya a firamare, ba ruwansu da shi.

Ba za a ce Bahaushe ba ya sayen littafi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa sun cika kasuwar Kano da littattafai, aka saye su har ƙauye. Harshen ma ya daɗe da nuna zai ɗauki bayanin fasaha: a Zariya, Rupert East da Abubakar Imam sun yi jerin Ikon Allah suna bayyana kimiyya da Hausa, hukumar NORLA kuma ta buga ƙananan littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950. Gareji da kansa ya gama tanadar kalmominsa: lagireto, kafireto, fulogi, kuloci, totur, salansa. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya san inji ba ya rubutu, mai rubutu kuma bai san inji ba. Littafin soyayya alƙalami da takarda yake ci, na inji kuwa yana cin mota guda da za a warware, da mai hoto, da mai zane, da watanni.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Sanin bakanike jarinsa ne. Yaro yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida, daga miƙa sifana da wanke noti a fetur har ya kai ga sauke inji, kafin a yaye shi. Wanda ya sha wannan wuya ba ya ɗokin ganin an zuba asirin a littafin da kowa zai saya.

Masu mota ke biyan kuɗin wannan rashi. Da yawan 'yan Kwatano ana cire musu ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne, alhali injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba ya fi shan mai da saurin cinyewa. Mai faci yakan ɗura wa tayar ƙaramar mota iska har 50, ga kuwa adadin da maƙeranta suka yanka manne a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35. Kowace taya tana ɗauke da lokacin da aka yi ta a lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A kan kwaltar Gujungu a zafin Afrilu, da lodi ya haura ƙa'ida, sanin wannan lamba ba ƙaramin abu ba ne. Duk waɗannan za su shiga shafi ɗaya. Za su shiga kalanda ma, a gurbin Bugatti.

Haka batun fetur. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar man da ya malale, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Allah ya ji ƙansu. Talauci da tsadar mai suka kai mutane bakin tankar, kuma ba takardar da za ta yi maganin wannan. Amma cewa tururin fetur yana kama wuta tun daga nesa da inda man ya kwanta, sani ne da ya kamata a ce yana rataye a kowane shago a bakin wannan hanya, da boko da ajami.

Abin da baki da buroshi suka adana

Fasahar baka ba ta yi wa mota irin wannan rowa ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, tana cikin waɗanda suka fito da shi. Mamman Shata ya wasa direbobi, ciki har da Ummaru Ɗandanduna na Gwandu, mutanen da ba don waƙa ba da tuni an manta da su. Sunaye kuwa ba a magana: a-kori-kura, kiya-kiya, gingimari, shorido, Homa, sai A Daidaita Sahu, wadda ta ci sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano. Kowane suna da zamaninsa da irin lodin da aka yi da motar.

Masu fenti su ma sun yi nasu. Sun zana zaki da ɗawisu da dabino da masallaci da jirgin sama a bayan tirela da bodin katako, sun rubuta karin magana a kan bamba: hassada ga mai rabo taki, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Zane ne na gida, mai launi, mai ma'ana ga wanda ke bin motar a baya, kuma da wuya a gan shi a kalandar tasha. Tsofaffin motocin suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana yanka su da wuta ana ɗorawa a sikeli, sitika da bugun kwamfuta suna maye gurbin buroshi. Turawa masu bincike sun ɗauki hotunan irin waɗannan motoci tun shekarun 1970 sun buga a mujallunsu. Jikan direban da ya tuƙa irinta a Ringim da wuya ya mallaki ko ɗaya.

Yadda aka yi a wasu wurare

A 1900 'yan'uwan nan biyu masu kamfanin Michelin a Faransa suka buga jagorar masu mota kwafi 35,000 suka raba kyauta: taswira, wuraren sayen mai, inda ake samun makanikai, yadda ake gyaran taya. Lissafinsu a fili yake, mai yawan tafiya shi ke cinye taya. Pirelli na Italiya ya fara kalandarsa a 1964 da manyan masu hoto. Hotunan mata ne da ba za su ratayu a garejin Ringim ba, amma sun nuna cewa kamfanin da ke son sunansa ya shekara a bango yana biyan mai kyamara.

Wanda ya fi kusa da buƙatar gareji shi ne John Haynes, Baturen Ingila. A 1965, yana aikin sojan sama a Aden ta ƙasar Yaman, ya taya wani abokin aikinsa gyara ƙaramar mota Austin-Healey Sprite, ya ga littafin kamfanin ba don mai gyara da hannunsa aka rubuta shi ba. Sai ya sayi kyamara, ya warware injin yana ɗaukar hoton kowane mataki, ya mayar. Littafin ya fito a 1966, kwafi 3,000 na farko suka ƙare cikin wata uku, ƙa'idar kuma ta zauna: ba a rubuta littafin mota sai an warware ta an haɗa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 200 na jerin, kuma wasu daga baƙaƙen kwafin da ke akwatunan garejin Kano da Jigawa jikokin irin waɗannan littattafai ne.

Waya ta shigo, mota ta sauya

A ƙarshen 2020 kamfanin Haynes ya sanar zai daina buga sababbin littattafai a takarda, ya koma intanet. Matasan makanikan Jigawa ma can suka nufa, wajen bidiyon YouTube da TikTok, wasu da Hausa. Wannan ya fi kwafin da ba ya karantuwa, domin ana ganin hannu yana aiki, ana jin ƙarar inji, wanda bai yi boko ba ma yana amfana. Sai dai ba mai tacewa. Gwani da ɗan koyo murya ɗaya gare su a waya, bayanin da ya fi ban dariya shi ya fi yawo, kuma abin da aka gani yau nemansa aiki ne bayan wata shida.

Motar kuma ta wuce inda kunne kaɗai ke gane ciwonta. Tun 1996 kowace ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da mahaɗar da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi sahu a farkon shekarun 2000, kuma su ne motocin da ke shigowa yanzu. In an sa mata kwamfuta, lamba take bayarwa, P0300 ko P0420, da guntun bayani da Turanci. Ta farko na nufin wuta na yankewa a silinda, ta biyu na nufin matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. Lambar inda za a fara bincike take nunawa, ba ta faɗin ƙarfen da za a sauya, kuma bakaniken da bai san haka ba sai ya yi ta aiken mai mota Ƙofar Ruwa. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta shiga jan hankalin masu motocin haya su koma iskar gas ta CNG, wadda ake ɗurawa a tukunya mai matsin da ya kai ninki 200 na iskar sarari. Kuskure a irin wannan aiki fasa mota yake yi.

Kayan aikin fitar da littafin mota da Hausa ba su yi nisa ba. Akwai malaman injiniya a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, akwai masana Hausa a jami'o'in Jigawa da Kano, akwai ƙungiyar makanikai ta NATA da rassan NURTW da suka saba tara kuɗin ɗab'i, akwai kamfanonin baƙin mai da na batir da ke rabon riguna da huluna a gareji. Injin bugun zamani yana fitar da kwafi 200 ba tare da faranti ba, wayar da ke aljihun yaran gareji kuma tana ɗaukar hoton da ya ishi shafin littafi, muddin ba a matse shi wajen turawa ba. Motocin da za a fara da su ba su da yawa: Sharon da Golf da Hayis masu jigilar Kano zuwa Haɗeja, Kanta mai kai riɗi da zoɓo Maigatari, da babur Boxer da ya cika ƙauyukan Garki da Babura. Littafi mai shafi 40 a kan ɗaya daga cikinsu, da hoton injin da aka warware a Ringim da sunayen da yaran gareji ke kiran kayansa, ya isa a gwada ko masu ƙorafin za su sa hannu a aljihu.